Sabar Aro ta Garki

Ɗayyabu ɗan Malam Abdurrahim na Aujara ya shigo Dutse ne a shekarun da garin ya zama babban birnin jiha, lokacin da ma'aikata ke kwararowa daga Kano suna neman ɗakin haya. Ni ma ina cikinsu. Na fara ganinsa a wata rumfar kwano kusa da tasha, yana buga wa mutane takardun neman aiki da tafireta. Siriri ne, ba shi da yawan magana, kuma in ya yi kuskuren harafi ɗaya sai ya zare takardar ya sake daga farko, ko da mai ita ya ce a bar shi haka, sauri yake yi.

Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa yana da makaranta a ƙofar gida da gonar gero a bayan gari, kuma kowa ya ɗauka Ɗayyabu ne zai gaje shi, don ya sauke da wuri. Amma zuciyarsa na wajen na'ura. Da kwamfuta ta fara korar tafireta, ya tafi Kano ya koya, ya dawo ya fi waɗanda suka koya masa naci.

Mun haɗu a wurin aiki ɗaya a shekarar 2002, a kamfanin Alhaji Barau. Ni ne akawu, shi kuma mai kula da na'urori. Alhaji Barau ɗan kasuwa ne da ya fara da sayar da taki, ya ga intanet na shigowa, ya tsunduma. Kamfanin yana kafa wa mutane farantin kama layi, ya ajiye musu wata babbar kwamfuta da duk sauran ke bi ta cikinta kafin su fita duniya. Masu sana'ar suna ce mata saba. Akwai sabobinmu a shagunan intanet, waɗanda ake ce wa kafe, da wasu makarantu, da ofisoshi, da ƙananan asibitoci masu zaman kansu, daga cikin Dutse har Jahun da Garki.

Da farko in za a canza wani abu a sabobin nan, sai mutum ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗayyabu ne ya kawo wata dabara. Ya ajiye uwar saba a ofishinmu. Kowace safiya sauran sabobin sukan kira ta, kowacce ta faɗi sunanta, uwar kuma ta ba ta umarnin da ya dace da ita. Ya raba su rukuni-rukuni ta hanyar suna. Duk wadda sunanta ya ƙare da kafe tana rukunin kafe, haka makaranta, haka asibiti. In yana son canza abu a makarantu kaɗai, sai ya rubuta umarni sau ɗaya ya ce na rukunin makaranta ne, sauran ba abin da zai taɓa su. Ya ce mini a gida ya ga haka, don mahaifinsa bai taɓa ba ɗalibai karatu ɗaya gaba ɗaya ba, kowane rukuni da inda ya tsaya.

Mahaifin nasa dai bai ji daɗin wannan kwatance ba. Ɗayyabu ya ba ni labarin ranar da ya je Aujara ya yi masa bayanin sabon aikin. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni ɗalibaina a gabana suke, ina ganin wanda ya yi barci da wanda ciki ke ciwo. Kai kana nufin za ka zauna a Dutse ka miƙa hannu Garki, ka taɓa kayan mutumin da ba ka gani ba?"

"Haka ne, Baba. Amma na san kowacce da sunanta."

"To. Ban hana ka ba. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Ranar da hannun nan naka ya cuci wani daga nesa, ka tattara kayanka ka dawo gida."

Ya yi alkawarin. Da yake ba ni labari ma dariya yake yi, yana cewa tsofaffi ba su san yadda abin ke da tsari ba. Amma na lura ba ya wasa da maganar. Kafin ya tura kowane umarni sai ya karanta shi a fili kamar mai bita, ya yi bismillah, sannan ya danna. Yana son aikin nan fiye da yadda na ga wani yana son aiki, kuma ya san abin da zai raba shi da shi.

Shekarun nan na shari'a ne, idon jama'a a buɗe yake a kan komai. An fara surutu a masallatai cewa samari na shiga kafe suna kallon hotunan banza. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa, wasu shagunan suka yi sanyi. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Gwadabe, mai kafe a unguwar Yalwawa cikin Dutse, wani mai fara'a da ba ya shigowa ofishinmu sai ya tsokani kowa.

A daminar 2004 abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Na farko, tsawa ta faɗa kan farantin wani ɗan asibitin haihuwa a Garki, ta ƙona sabarsu. Mai asibitin, Hajiya Zinariya, tsohuwar ungozoma ce da ta yi aikin gwamnati ta ajiye, kuma yayar Gwadabe ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta aiko direban mota ya gaya mana. Ɗayyabu ya ce a ba ta haƙuri, ya yi odar wata daga Kano, da ta iso zai kai da kansa. Na rubuta saƙon a fayil ɗinta na rufe.

Na biyu, wasu dattawan unguwa suka zo wajen Alhaji Barau da kansu. Bayan sun tafi ya fito daga ofishinsa hula a karkace, ya tsaya a kan Ɗayyabu.

"Ɗan malam, yau ɗin nan nake so ka toshe hotuna. Duka. Kar hoto ko ɗaya ya shiga ko ya fita ta layina."

"A kafe-kafe, ranka ya daɗe?"

"Na ce duka! Ko'ina! Ni za a kira mai sayar da alfasha da furfurata?"

"Alhaji, makarantu suna buɗe taswira. Asibitoci kuma hoto suke aika wa likitoci. In na tura wa kowa, mun hukunta wanda bai yi laifi ba."

"Kai dai da rabe-rabenka kamar mai rabon gado. In wata ta zille fa?"

"Ba mai zillewa. Rukunin kafe kaɗai zan ba umarnin. Asibiti ko ɗaya ba zai ji a jikinsa ba, na ɗauki wannan a wuyana."

Alhaji ya juyo wajena. "Malam Idirisu, kana ji ko? Ya ce a wuyansa."

Na ce na ji. Ɗayyabu ya rubuta umarnin, ya karanta shi a fili, ya duba sunayen da ke rukunin kafe. Duk suna amsa kira, har da ta Yalwawa. Ta asibitin Garki kuwa shiru, kamar yadda ya zata, tunda ta ƙone. Ya yi bismillah ya danna. Washegari dattawan suka aiko da godiya, Alhaji ya saya mana tsire.

Sabuwar sabar ta yi jinkiri a Kano. Da ta iso, muka ɗauki motar kamfani muka nufi Garki, shi zai haɗa, ni kuma in karɓi sa hannun Hajiya. Gero ya yi tsayi a gefen hanya, ruwa ya cika kududdufai. Ɗayyabu yana cikin nishaɗi, yana ta nuna mini gonakin da aka makara da noma na biyu.

Hajiya Zinariya ta tarbe mu a ƙofar asibitin. Mace ce mai jiki, mai murya, amma ranar na ga ta faɗa. Bayan gaisuwa ta ce, "Sannunku da zuwa, 'yan Dutse. Ai har na cire rai. Ku shigo ku raba ni da wannan ta aron, ta gaji."

Ɗayyabu ya tsaya. "Wace ta aro, Hajiya?"

"Ta Gwadabe mana. Da ya ji tawa ta ƙone, ya ce shagonsa ma a rufe yake, ba ciniki. Ya ɗauko tasa a mota ya zo ya jona mini. Allah ya yi masa albarka, ya iya jone-jonen nan."

Ta kai mu ƙaramin ɗakin da ake ajiye kayan layi. Ga sabar nan a kan benci, an lulluɓe ta da ɗankwali saboda yoyon rufi, fitilarta na ƙiftawa. Ɗayyabu ya ɗaga ɗankwalin.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "hoto yana tafiya?"

"Ina fa! Da farko lafiya lau. Rana ɗaya kawai sai ta fara ƙi. Rubutu ya tafi, hoto ya tsaya. Na ce ai tsohuwa ce, ƙarfinta ke nan."

"Me ya sa ba ki aiko mana ba?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "In aiko in ce me? Ƙanena ya ara mini abu don zumunci, sai in kai ƙararsa kamfani in ce kayansa ba kyau? Ko shi ban gaya wa ba. Kayan aro ai ba a kushe shi, ɗana."

Sai ta zauna a kan kujera ta ba mu labarin Safina, ba don ta san akwai alaƙa da aikinmu ba, sai don abin yana cin ta. Safina matar wani makiyayi ce daga wata ruga a gabashin gari. Ta haihu a asibitin lafiya, bayan suna ƙafarta ta hagu ta kumbura ta fara canza launi. Hajiya tana da wani likita a Kano, ɗan'uwan mijinta, wanda takan ɗauki hoton abin da ya fi ƙarfinta ta aika masa, ya duba ya ce a yi kaza ko a kawo mara lafiya maza. Ta ɗauki hoton ƙafar, ya ƙi tafiya. Ta rubuta masa da baki yadda ta gani. Ya ce kumburi iri-iri ne, ta ba da magani kaza, ta aiko hoto. Ta sake gwadawa, ta sake, har ta sa aka wanke farantin da sabulu. Mijin kuma ba ya son tafiya Kano tsakiyar damina ya bar shanu sai in dole. Da likitan ya gaji ya ce a kawo ta ko ba hoto, an makara. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

"Ya ce da ya gani tun farko, da wataƙila," in ji Hajiya. "Wataƙila fa ya ce. Allah kaɗai ya sani."

Ɗayyabu bai ɓoye mata komai ba. A tsaye ya yi mata bayani, cewa sabar ba tsufa ta yi ba, kowace safiya tana kiran Dutse tana cewa ita ta kafen Yalwawa ce, Dutse kuma ta ba ta umarnin kafe. Shi ya rubuta umarnin, shi ya tura. Hajiya ta ce, "Innalillahi. To ai ba ka sani ba." Ya ce, "Ban sani ba, Hajiya." Ya haɗa sabuwar sabar, ya gwada hoto ya tafi, na karɓi sa hannu. Muka kamo hanyar Dutse.

Alhaji Barau ya sa aka kira Gwadabe. Ya shigo da fara'arsa, ya fita ba ita.

"Kai wane irin mutum ne? Ka ɗauki saba daga Yalwawa ka kai Garki ba ka gaya wa kowa ba?"

"Alhaji, yayata ce fa. Ita ta goya ni. In buhun gero na kai mata sai na zo na sanar da ku?"

"Saba gero ce?"

"Ni dai na ga akwati ne, a jona ya kama. Wa ya gaya mini tana da ƙabila?"

Ba wanda ya yi dariya. Da Gwadabe ya fahimci abin da ya faru da Safina, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Alhaji ya ce maganar ta tsaya a ɗakin nan, laifin Gwadabe ne da tsawa, kuma in da an bi tasa an toshe wa kowa, ai da sakamakon ɗaya ne. Ɗayyabu ya ce ba ɗaya ba ne. Da an toshe wa kowa, da an sanar da asibitoci, da Hajiya ta san dalili ta tura matar Kano tun ranar farko. Shi Ɗayyabun ne ya ce asibiti ba zai ji ba, shi ya sa ba a gaya wa kowa ba.

"Na tambayi sabar sunanta," ya ce, "ban tambaye ta inda take ba. Kuma na san mutanenmu. Garma ma arawa ake yi, da jaki, da tukunyar biki. Ban taɓa kawowa a raina za a ari wannan ba."

Ranar Juma'ar da ta biyo ya roƙe ni in raka shi rugar. Mijin Safina ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata tsamiya, aka kawo nono a ƙwarya. Ɗayyabu ya yi ta ƙoƙarin bayani, saba, rukuni, umarni. Mutumin yana gyaɗa kai cikin ladabi. Da Ɗayyabu ya gama, mutumin ya ce, "Malam, kai likita ne?" Ya ce a'a. "Ka taɓa ganin ta?" Ya ce a'a. "To me ya haɗa ka da ƙafarta? Abin da Allah ya rubuta ne. Sha nono." Daga cikin bukka muna jin kukan jariri da muryar mace tana lallashi. Ba ta fito ba, mu ma ba mu nemi ganinta ba. Ɗayyabu ya zo neman a yafe masa, ya tarar ba a ma ga laifinsa ba, kuma na ga hakan ya fi yi masa nauyi.

Bai tafi nan take ba. Sauran daminar ya ƙare ta a kan babur. Ya bi kowace saba ya gan ta da idonsa, ya zauna da masu wurin ya tambaye su abin da suke yi da layin. A nan ya gano wata ta makaranta tana shagon surukin hedimasta tun bara. Ya canza tsarin gaba ɗaya. Suna kaɗai ya daina isa. Duk sabar da ta kira daga farantin da ba nata ba, uwar ba za ta ba ta umarnin komai ba sai mutum ya je ya duba. Kuma kafin a tura wa kowane rukuni abu, sai an aika wa kowa saƙo, har waɗanda aka ce ba zai shafe su ba. Ya koya wa wani sabon ma'aikaci, Zailani, duk wannan, ya sa shi ya maimaita har ya gaji.

Da aka fara yankan gero ya shiga wajen Alhaji ya ajiye makullai. Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce yanzu da ya gyara komai ne zai tafi? Da ya ji zancen alkawarin, ya ce wa zai gaya wa tsohon ma? Ɗayyabu ya ce ai ya riga ya gaya masa.

Bayan shekara biyu aiki ya yi wa Zailani yawa, Alhaji ya aike ni Aujara in roƙo Ɗayyabu ya dawo. Na tarar da Malam Abdurrahim a zaure, ya tsufa sosai, ido ya fara rauni. Na isar da saƙo. Ya ce, "Ranar da ya dawo ya ba ni labari, na yi zaton zai ce in sake shi daga alkawarin. Da ya tambaya, da na sake shi, don ban ga ganganci a ciki ba. Bai tambaya ba. Ni kuma ba zan tura shi ba. Yana waje, ka tambaye shi."

Na same shi a ƙarƙashin rumfa da ɗalibai, ya raba su gida uku, yana zagayawa. Ya yi ƙiba kaɗan, hannunsa ya yi kanta. Ya ji saƙon Alhaji har ƙarshe, ya ce in yi masa godiya.

"Malam ya ce in ka tambaya zai sake ka," na ce.

"Na sani, Malam Idirisu. Shi zai iya sake ni. Amma in na zauna gaban kwamfutar nan zan danna, Safina zan riƙa gani, alhali ban ma san fuskarta ba."

Ya rako ni bakin mota. A hanya ya yi ta tambaya. Sabobi nawa ne yanzu, ko Zailani yana aika saƙo kafin ya tura umarni, ko an canza batiran uwar, ko ta Garki tana amsawa kowace safiya. Yana tambaya yatsunsa na motsi a jikin rigarsa kamar mai buga rubutu. Na amsa masa abin da na sani. Da direba ya tada mota ya leƙo ta taga ya ce, "Ka ce wa Zailani damina ta kusa, ya zagaya ya gan su da ido. In tsawa ta ƙona ta wani, wani zai ara masa."

Ya tsaya a gefen titi har muka sha kwana. Na gaya wa Zailani. Ya ce zai je in ya samu sarari.